Mai amosanin gaɓɓai da kullum take tashi a gajiye, a duba numfashinta cikin barci

Shekara kusan 9 kenan Yayata tana fama da amosanin gaɓɓai, irin wanda likitoci ke ce ma rumatoyid. Wannan daban yake da sanyin ƙashi na tsufa da gwiwa ke cinyewa, shi garkuwar jikin mutum ce da kanta take juyowa tana cin gaɓɓansa, yatsu su kumbura hagu da dama, wuyan hannu ya riƙe, da asuba sai ta fi awa ɗaya kafin hannun ya saki ta iya riƙe buta. Duk mun saba da wannan. Abinda bamu taɓa tsayawa mun duba ba shine gajiyar, kullum a gajiye take, ta kwanta tun bayan isha'i ta tashi kamar wadda ta kwana tana daka, tana lazimi tana gyangyaɗi, ana hira a tsakar gida sai kiga kai ya langaɓe, kowa yace ai ciwon ne, itama tace ciwon ne, aka tafi a haka shekara da shekaru.

Sai da wani biki ya haɗa mu ɗaki ɗaya na kwana dab da ita. Minshari take mai ƙarfi, can sai naji shiru, na haska waya naga ƙirjinta yana ta ƙoƙarin ɗagawa amma iska bata shiga, na ƙirga har na wuce 20, sai ta yi wani irin gurnani ta fizgo numfashi ta gyara kwanciya ta cigaba da minsharin, bayan ɗan lokaci a sake. Haka har kiran sallar farko, wallahi ban runtsa ba. Da safe na faɗa mata tace ita bata san anyi ba, har ta ɗan ji haushi don mace bata son a ce tana minshari.

Wannan shine ɗaukewar numfashi cikin barci, kuma yana da magani. Zan riƙa cewa ki da ke a rubutun nan saboda rumatoyid ya fi kama mata, ninki biyu zuwa uku akan maza, amma Malam in kai ne mai ciwon ko matarka ce ko mahaifiyarka, duk da kai nake.

Me ya haɗa ciwon gaɓɓai da numfashi

Mutane sun ɗauka masu ƙiba ne kawai numfashinsu ke ɗaukewa a barci, toh a mai rumatoyid ko siririya ce kamar sillen kara abin zai iya samunta, kuma dalilan suna da yawa.

In kika sa yatsa a gaban kunnenki kika buɗe baki zaki ji wata gaɓa tana motsi, gaɓar muƙamuƙi kenan, itama ciwon yana cinta kamar yadda yake cin yatsu. Idan kan ƙashin ya zaizaye sai haɓa ta riƙa ja baya a hankali, shi kuma harshe a jikin muƙamuƙin ƙasa yake, haɓa na ja baya yana binta, hanyar iska ta bayan harshe ta ƙuntata. Da rana naman wajen a ɗame yake ba a ganewa, da an yi barci ya saki sai hanyar ta rufe.

Sai wuya. Ƙasusuwa 7 ne a wuyan mutum, biyun farko da ke ƙarƙashin ƙoƙon kai su rumatoyid ya fi taɓawa, jijiyar da ta ɗaure su sai ta saki, ɗaya ya riƙa gocewa akan ɗaya. Wannan yana sauya zaman wuyan ya matse hanyar iska, in kuma abin ya yi nisa ƙashin yana iya turawa sama ya danni gindin ƙwaƙwalwa inda ake ba da umarnin numfashi, anan sai numfashin ya tsaya ba don hanya ta toshe ba, umarnin ne bai zo ba, kuma irin wannan ba lallai a ji minshari ba sam.

Akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsin gaɓɓai guda biyu a cikin maƙogwaro masu buɗe tantanin murya da rufe shi, suma suna kumbura su ƙage. Ƙara da firednisolon, maganin kwantar da kumburi da masu ciwon da yawa ke sha, yana sa ƙiba musamman a fuska da wuya da ƙeya, ga ciwo ya hana motsi nauyi yana ta hawa, ga magungunan kashe zafi masu danne numfashi. Wani bincike da aka yi a Taiwan aka wallafa a 2016, wanda ya bibiyi masu rumatoyid sama da 33,000, ya samu cewa sun fi sauran mutane kamuwa da toshewar numfashi a barci da kusan kashi 75 cikin 100.

Abinda yasa na damu da maganar, duk sanda numfashi ya ɗauke iskar oksijin tana sauka a jini, zuciya ta firgita ta hau bugu, jini ya hau, ƙwaƙwalwa ta ɗan farkar da ke ba tare da kin sani ba, a wasu sau ɗaruruwa a dare ɗaya. Shi kansa rumatoyid yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, to ki ɗora wannan akai. Sannan wanda bai samu barci mai nauyi ba ya fi jin zafin ciwo washegari, sai a ƙara mata maganin zafi, maganin ya ƙara danne numfashin, abin ya zama kamar ana zagaye rijiya.

Matakin farko, ki samo mai shaida

Ke da kanki bazaki sani ba, barci kike. A gidajenmu kuma da yawa mace ɗakinta daban, ko dai yara ne ke kwana da ita su kuma sun ɗauka haka Umma take. Don haka ki ajiye kunya ki samu ɗiyarki babba ko ƙanwarki ko maigida, ki ce dan Allah yau ki zauna ki saurare ni na awa ɗaya bayan barci ya ɗauke ni. Abinda zata duba, minsharin yana yankewa ne ayi shiru sannan a fizgo numfashi, shirun yana kai daƙiƙa 10 ko fiye, kuma a rigingine ya fi yawa ko a kowace kwanciya. Ta ɗauki bidiyo na minti 2 ko 3 da waya yadda za a ga ƙirji a ji sauti, wannan bidiyon ya fi dogon bayani a gaban likita. In ke kaɗai kike kwana ki kunna rikodin murya a waya ki ajiye gefen filo har safe.

Sannan ki samu ɗan littafi ki yi sati 2 kina rubutawa, ƙarfe nawa kika kwanta, sau nawa kika tashi fitsari, kin tashi da ciwon kai ko bakinki a bushe ƙamas, kin farka a firgice kamar an shaƙe ki, kin yi gyangyaɗi da rana a ina. Yawan tashi fitsari da dare mutane suna kai shi ga suga kawai, alhali ɗaukewar numfashi ma yana kawo shi. Mata da yawa kuma basa zuwa da minshari mai ƙarfi, abinda suke kuka dashi rashin barci ne da ciwon kai da mantuwa da saurin fushi, musamman bayan al'ada ta ɗauke.

Wata zata ce ai dannau ne. Dannau shine ki farka idonki biyu kina jin komai amma jiki ya ƙi motsi na ɗan lokaci. Wannan kuwa kina cikin barci yake faruwa, kuma maimaituwa yake dare bayan dare. Ki yi addu'o'inki na kwanciya kamar kullum, ki kuma sa a saurare ki.

Mataki na biyu, tef ɗin tela da madubi

Akwai tambayoyi 8 da wata likitar sa barcin tiyata a Toronto ta Kanada, Frances Chung, ta tsara da abokan aikinta a 2008, ana kiransu STOP-Bang, kowace eh maki ɗaya. Kina minshari mai ƙarfi, kina yawan gajiya ko jin barci da rana, wani ya ga numfashinki ya tsaya, kina da hawan jini, ma'aunin ƙibarki ya wuce 35, shekarunki sun haura 50, kaurin wuyanki ya kai santimita 40, sai ta ƙarshe ko namiji ne. Ma'aunin ƙiba kuwa nauyinki a kilo zaki raba da tsawonki a mita sau kansa, misali mai kilo 90 da tsawon mita 1.6, sai a ce 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56, a raba 90 da shi ya fito 35 da ɗan kai. Maki 3 zuwa sama ya isa a je asibiti, 5 zuwa sama haɗarin babba ne.

Amma ki lura, ba don masu rumatoyid aka tsara tambayoyin ba, siririyar mace 'yar shekara 40 da haɓarta ta ja baya zata iya cin maki 2 kacal alhali tana da matsalar. Shiyasa madubin. Ki ɗauko tsohon hotonki na gefe in akwai ki kwatanta, haɓa ta shige ciki? Ki haɗa haƙoranki, na gaba suna haɗuwa kamar da, ko na baya ne kawai ke taɓa juna an bar ƙofa a gaba? Bakinki yana buɗewa ya ci yatsu uku a jere? Gaban kunne yana ciwo in kina tauna nama ko goro? Murya ta dishe ba mura ba komai? Duk ki rubuta a littafin.

Mataki na uku, zazzage ledar magani

Ki juye duk abinda kike sha akan tabarma, na asibiti da na kemis da na gargajiya da wanda maƙwabciya ta baki tace ya yi mata aiki. Waɗanda suka fi haɗari ga numfashi sune tiramadol da kodin da danginsu, sai maganin barci irinsu dayazifam wanda aka fi sani da Valium, sai firegabalin da ake bayarwa don ciwon jijiya, har da maganin mura mai sa barci. Haɗa biyu daga cikinsu a dare ɗaya ga mai ɗaukewar numfashi ganganci ne babba, don su suke hana ƙwaƙwalwa farkar da ke a lokacin da iska ta yanke.

Haɗin kemis da ake ƙullowa a leda ba suna ba kwali, sau da yawa da deksa a ciki, ɗan uwan firednisolon ne kuma ya fi shi ƙarfi, shine dai wanda ake sha don ƙiba ake ce masa sha ka fashe. Mai ciwon gaɓɓai in ta sha zata ji garau kwana biyu shiyasa ake komawa, amma fuska na ta cika wuya na ta kauri suga da jini na hawa.

Dan Allah kar ki karanta wannan ki watsar da firednisolon yau, wanda ya daɗe yana sha in ya yanke lokaci ɗaya jiki na iya rikicewa jini ya faɗi har a rasa rai, a hankali likita ke rage shi. Haka tiramadol da dayazifam in an daɗe ana sha. Hanyar rage su ta gaskiya ita ce a shawo kan ciwon da magungunansa na asali irinsu metotreksat, wanda sau ɗaya a sati ake shansa ba kullum ba, in kumburi ya kwanta buƙatar sauran tana raguwa da kanta.

Mataki na huɗu, asibiti da abinda zaki faɗa

Layi yana da tsawo likita yana sauri, in kika ce ina gajiya kawai, zai ɗauka gajiyar rumatoyid ce ya wuce. Ki ce, likita an ga numfashina yana tsayawa cikin barci, ga bidiyo ga abinda na rubuta, ina so a duba. Ki nemi a yi gwajin jini a cire sauran masu kawo gajiya, ƙarancin jini wanda ya zama ruwan dare a masu ciwon nan, da tayirod, wato abin gaban wuyan nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo, da suga, a kuma auna hawan jini. Hawan jinin da ake sha masa magani kala uku ya ƙi sauka shima alama ce.

Likitan gaɓɓai shine uban tafiya, shi zai tura ki wajen likitan ƙirji ko na kunne da hanci da maƙogwaro. Irin waɗannan ƙwararru a manyan asibitocin koyarwa aka fi samunsu, kamar na Malam Aminu Kano a Kano, da na Shika a Zariya, da na Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna, 'yan uwa na Nijar kuma babban asibitin ƙasa na Yamai. Likitan maƙogwaro yana zura siririyar kyamara ta hanci ya ga ko tantanin murya yana buɗewa yadda ya kamata, minti kaɗan ne.

Maganar wuya kuma ki buɗe kunne. In kina jin ciwo a ƙeya yana hawa bayan kai, ko in kin sunkuyar da kai kiji kamar wutar lantarki ta bi bayanki, ko hannuwa suna dindiris abu na suɓucewa fiye da da, ko ƙafa ta yi nauyi kina tuntuɓe, ko fitsari ya fara kufce miki, wannan ba na jiran ranar kilinik bane, laka ce ake dannewa, a tafi a ranar. Haka numfashi mai ƙara kamar usur ido biyu. Hoton wuyan da ake yi kala biyu ne, ɗaya kin sunkuya ɗaya kin ɗaga kai, saboda gocewar ba lallai ta fito ba in kai yana tsaye, in an ga wani abu sai a yi MRI, hoton da ke nuna laka da jijiyoyi. Kuma har abada kar ki bari mai tausa ko mai ɗori ya murɗa miki wuya, maza kuma ku hana mai aski wannan ƙas ɗin da yake yi muku bayan aski.

Wani zai ce belu ne ya yi tsawo a kai wa wanzami ya cire. Toshewar tana can ƙasa bayan harshe ko a ƙashin wuya, cire belu baya taɓa ta, ga zubar jini, ga mai shan metotreksat da firednisolon garkuwarta a ƙasa take ciwo baya warkewa da wuri, ga danne kai baya da ake yi wa wuyan da ƙila a goce yake.

Mataki na biyar, gwajin barci

Shine kaɗai ke tabbatarwa. Kala biyu ne, wanda ake kwana a asibiti a manna wayoyi a kai da ƙirji da hanci da yatsa, da kuma ƙaramar na'ura da ake baki ki tafi da ita gida. Ba kowane asibiti ke da shi ba, an fi samu a manyan birane irinsu Abuja da Legas, kuma da tsada, don haka ki tambayi likitanki inda yake turawa kafin ki kashe kuɗin mota. In kina da matsalar ƙashin wuya, ko kina shan tiramadol, ko ciwon ya taɓa huhu, ko akwai ciwon zuciya, na asibitin ya fi, don shi ke rarrabe toshewar hanya da yankewar umarni daga ƙwaƙwalwa, kuma maganinsu ba ɗaya bane.

Ranar gwajin kar ki sa baƙin lalle ko jan farce, suna iya rikita abin da ake maƙalawa a yatsa, in yatsun sun karkace ko suna sanyi ki faɗa a nemo wanda ya fi ko a sa a wani wajen. Sakamakon lamba ce, sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu a awa ɗaya. Ƙasa da 5 lafiya, 5 zuwa 15 kaɗan, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Na Yaya 20 da wani abu ya fito. Agogon hannu da manhajar waya suna iya nuna alama amma ba a ɗora magani akansu.

Mataki na shida, injin iska

Babban maganin shine injin da ake rubutawa CPAP, a baki a ce sipap, wani likita Colin Sullivan ne ya fito da shi a Sidni ta Ostireliya a 1981. Ba oksijin bane, iskar ɗaki ce yake turowa ta tiyo zuwa abin rufe hanci da ɗan ƙarfi yadda hanyar bazata rufe ba. Anan ne mai rumatoyid take buƙatar dabara, don an ƙera kayan ne da tunanin mai lafiyayyen hannu.

Kar ki aika a siyo miki abin fuskar, ki je ki gwada da hannunki, ki sa ki cire ki ɓalle maɓallan, ki tuna da asuba yatsun a sanƙare suke kuma a duhu zaki yi. Akwai wanda ake zurawa ta kai kamar hula ba maɓalli, akwai mai maganaɗisu mai sauƙin haɗawa amma banda wadda aka sa mata na'urar bugun zuciya ko wani ƙarfe a kai ko a wuya, ita ko mai kwana kusa da ita. Mu tela muka ba ya ɗinka 'yan zobban ƙyalle a bakin igiyoyin yadda zata zura yatsa ta ja. In muƙamuƙi yana ciwo a fara gwada na hanci kaɗai, don babban mai rufe baki da hanci yana danna haɓa baya. Fatar mai shan firednisolon sirirya ce, karan hanci yana saurin saɓulewa, kar a ɗaure tamau, a sa ɗan ƙyalle mai laushi a tsakani. Da yawa cikin masu rumatoyid suna da bushewar ido da baki, to a tabbata iska bata zirarowa ta sama tana hura ido, a kuma yi amfani da 'yar tukunyar ruwan da ke jikin injin mai sa iskar ta yi laima.

Wanki kullum ne, abin fuskar da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi, a zubar da ragowar ruwan tukunya a shanya ta, tiyo kuma sati-sati, saboda garkuwarki ba kamar ta kowa bace. Da hunturu matatar iskar da ke bayan injin tana cika da ƙura cikin kwanaki, ki riƙa dubawa.

Sai wuta, wadda ita ce ta fi ba mu wahala. Injin da kansa baya cin wuta sosai, ɗumama ruwan ne ke ci, ƙaramin sola da batir ko inbata yana iya kai shi safe in an kashe ɗumin. Ki kai wa mai haɗa sola takardar injin ya lissafa kafin ki siya. In wuta ta ɗauke kina barci farkawa zaki yi ki cire, amma gara a samu abinda zai riƙe.

Na gwanjo ya fi araha kuma mutane da yawa shi suke iyawa, sai dai a kula, a watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin injunansa saboda soson rage ƙara da ke ciki yana iya rududdugewa mutum ya shaƙa, to a duba samfurin da lambarsa a intanet kafin a biya. Abin fuska da tiyo sabbi za a siya, ƙarfin iskar kuma likita ne zai saita gwargwadon gwajinki.

Satin farko da wuya, Yaya cirewa take cikin barci bata sani ba. Abinda ya taimaka, da rana ta sa shi tana zaune tana jin rediyo na minti 20 ko 30 har jiki ya saba. Mafi ƙarancin da likitoci ke nema awa 4 a dare, amma burin shine duk barcin, har wanda ake komawa bayan asuba da ƙailula, don barcin asubar nan ma numfashin yana yawan ɗaukewa a cikinsa.

Akwai wata roba da likitan haƙori ke yi mai turo muƙamuƙi gaba, tana yi wa wasu aiki, amma wadda gaɓar muƙamuƙinta ta cinye zata iya ƙara mata ciwo, sai an duba gaɓar tukuna.

In injin bai samu ba tukuna

Kwanciyar rigingine ita ce mafi muni, harshe baya yake faɗawa. Kwanciyar gefe ta fi, dama can ta ɓangaren dama aka koya mana. Matsalar kafaɗa da ƙugu masu ciwo, to ki sa filo tsakanin gwiwoyi, ki rungumi wani, a tokare bayanki da dogon matashi ko a ɗinka aljihu a bayan rigar barci a sa ƙaramar ƙwallo yadda in kin juya zata dame ki ki koma. Ɗaga kai yana taimakawa amma ba da tara filo uku ba, wannan lanƙwasa wuya yake, gara a sa bulo ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai ko a cusa wani abu ƙarƙashin katifa duk ƙirjin ya ɗago.

In akwai ƙiba rage ta yana aiki sosai, wani bincike a jihar Wiskonsin ta Amurka da aka wallafa a 2000 ya nuna rage kashi 10 cikin 100 na nauyi yana rage yawan ɗaukewar da kusan kashi 26. Nasan da wuya ga wadda gwiwa ta hana tafiya, a fara da lemon kwalba da shayi mai suga da cika ciki da tuwo dab da kwanciya, motsi kuma ko na zaune ne likitan gashin ƙashi zai koya miki. Hanci ya zama a buɗe, a wanke da ruwan gishiri na kemis, a rage turaren wuta da hayaƙin maganin sauro a rufaffen ɗaki, taba da shisha kuma a bar su. Maza masu tuƙi, direban doguwar hanya ko mai adaidaita, in gyangyaɗi yana ɗaukarka a sitiyari ka ajiye makulli har a yi maganin, rayukan mutane ne a bayanka.

Bayan wata 3 da fara injin a koma da shi asibiti, yana ajiye lissafin awannin da aka yi da sauran ɗaukewar da ta rage, a sake auna jini, in nauyi ya sauya sosai a sake saita iskar. Yaya har yanzu yatsunta suna ciwo, rumatoyid yana nan, amma ciwon kan safe ya tafi kuma tana kai ƙarshen lazimi ido biyu.

Saura maganar tiyata, kowace iri, ta gwiwa ko ta haihuwa ko cire haƙori da za a sa barci. Wajen sa bututun numfashi ana ɗaga haɓa a tura kai baya, ga wuyan da ƙila ya goce, ga bakin da baya buɗewa sosai, ga alluran kashe zafi bayan aiki masu danne numfashi. Dole likitan sa barci ya sani tun kafin ranar, a yi hoton wuya, a tafi da injin asibiti. Saboda haɗari baya sallama kuma mutum zai iya isa asibiti baya iya magana, na rubuta wa Yaya takarda da Hausa da Turanci aka liƙe ta da roba, tana cikin jakarta tare da katin asibiti, layi uku ne, tana da rumatoyid a kula da wuyanta, numfashinta yana ɗaukewa a barci tana amfani da sipap, tana shan firednisolon kullum kar a yanke mata.